Yakasi Uwar Tsumburarru

A ƙauyenmu na bakin kogin Subansiri, in uwar aladu ta haihu aka ga ɗaya cikin 'ya'yan ya tsumbure, ba mai tsayawa dogon tunani. Sai dai ka ji matar gida ta ce, "A kai wa Yakasi." Yaran yanzu sun ɗauka haka aka halicce ta, da kwandon 'yan aladu a bayanta. Ni Numali, faccalarta, matar wan mijinta, a gabana aka fara abin, kuma na san ba son aladu ne ya sa ta ba. Zuciya ce ta ɗebe ta, da ta ɗebe ta kuwa ba ta dire ta kusa ba.

Yakasi 'yar wani ƙauye ce can sama da mu, wanda kogi ya cinye tuntuni, da gonakinsa da kaburburansa. Ubanta ya sha kafa dirkokin gida ruwa yana kwashewa, don haka ta tashi ba ta yarda da komai ba sai abin da ke hannunta. 'Yar firit ce, in ta tsaya kusa da ni iyakarta kafaɗata, amma in ta kira kaji daga kan tsaninta, don gidajenmu a kan dirkoki suke, har masunta a cikin kogi sai sun waiwayo. Ta auri Bolin, ƙanen mijina, mai saƙa tarkon kifi da gora. Mutum ne mai sanyi, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. 'Yarsu ɗaya, Oisiri, ta yi aure a ƙetaren kogi.

Mijina Kardong kuwa babban makiyayin aladu ne, kuma in faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Mai kyauta ne, sai dai kyautarsa da igiya take zuwa, kuma ƙarshen igiyar yana hannunsa. Shi ya yi wa Bolin aure, shi ya ba shi gorar gina gida, kuma ba taron da zai watse bai tuna wa jama'a haka ba. Bolin yakan yi dariya ya ce gaskiya ne. Yakasi ba ta dariya, sai dai ka ga ta ƙara ƙarfin dakan da take yi.

Bayan janyewar ruwa wata shekara zazzaɓi ya kwantar da Bolin, bai tashi ba.

A zuriyarmu binne mutum ba shi ne rabuwa da shi ba. Mamaci yana nan yana kewaya gida har sai an yi masa bikin sallama. Ana zaɓar ɗan alade lokacin yaye, a barbaɗa masa garin shinkafa a ka a gaban mibu, tsohon da ke yi mana magana da kakanni, a ambata shi da sunan mamacin. In ya girma a yanka, babba a cikin dangi ya fara ci, ya ce wa mamacin ya tafi wurin kakanninsa. Gidan da aka yi sallamar, a murhun gidan za a riƙa kiransa ana zuba masa apong, giyarmu ta shinkafa, duk shekara. Kuma aladen da aka ambata ba a musanya shi. In ya mutu kafin biki, sai a ce mamacin ya ƙi wannan hannun, sallama ta koma gidan babba.

Ranar zaɓen aka taru a ƙarƙashin gidanmu, wurin garken Kardong. Ya shiga ya zaro wani ɗan alade mai sheƙi, wuya kamar turmi, ya ɗaga shi ta ƙafar baya don kowa ya gani.

"Wannan ne na ƙanena," in ji shi. "Nan zai zauna, ni zan yi kiwonsa. Gidan da ba ɗa namiji ba a ɗora masa wannan nauyi."

To a wurinmu matar ƙane ba ta yi wa wan mijinta magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Ni ce bakin. Suna tsaye ba su fi tsawon taɓarya tsakaninsu ba, amma ni Yakasi ta kalla.

"Yaya Numali, ki gaya wa Babban Yaya na gode. Sai dai ki tambayar min shi, in aka sallami Bolin daga murhunku, duk ranar da nake son zuba wa mijina apong sai na zo gindin tsaninku na nemi izini?"

Na juya na maimaita, ko da yake har kurman ƙauye ya ji ta.

"Gaya mata tsanina ba ya cizo," in ji Kardong. "Ki kuma tambaye ta da me za ta ciyar da alade. Da baƙar magana?"

Aka yi dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, sai ya ƙara. A gefen garken akwai wani ɗan tsurut kwance shi kaɗai, kansa ya fi jikinsa, gashi a tsaitsaye, ƙashin bayansa kana iya ƙirgawa daga nesa. Kardong ya taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa.

"In kiwo take sha'awa, ga wannan ɓeran na ba ta kyauta. Ta koyi haƙa rami da shi."

Ban ga lokacin da ta sunkuya ba. Sai ganinta na yi a gaban mibu, ɗan tsurut ɗin a hannunta na hagu, ta cika na dama da garin shinkafar da ke kan ganye, ta zuba masa a ka har ya yi atishawa.

"Bolin, ga naka!"

Mibu ya dubi garin da ke kan ɗan aladen. Daga ƙarshe ya ce, "Matar mamaci ta ambata, gari ya taɓa kai. Magana zarar bunu ce, 'ya'yana. Ni ba ni da ta cewa."

Kardong ya saki aladensa mai sheƙi, fuska a murtuke. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kafin sabon wata za ku dawo nan da kanku."

Na bi ta har gida ina masifa, don ni ma raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni saboda ita. "Ke wace irin mai taurin kai ce? Da kin yi shiru kin roƙa a ba ki mai lafiya, da na san yadda zan lallaɓa shi. Yanzu kin ɗaura darajar mijinki a wuyan abin da ko angulu sai ta yi shawara kafin ta sauko masa."

"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, Yaya."

"Wane gatari? Wannan ko ƙota ba shi da ita!"

Ta kusa yin dariya, amma da ta dubi abin da ke hannunta sai dariyar ta koma. Ta san abin da ta jawo wa kanta. In ɗan tsurut ɗin nan ya mutu, ba alade kaɗai ta rasa ba. Za a ce Bolin da kansa ya ƙi hannunta.

Ɗan aladen da ya tsumbure ba ciwo ne ke fara kama shi ba. Nonon baya yake samu, wanda ba ya kawo ruwa sosai, 'yan'uwa su yi ta ture shi har ya saba da cewa abinci ba nasa ba ne. In aka raba shi da uwa, ɗan abin da yake tsotsa ma ya yanke, shi ke nan. Yakasi ba ta san wannan ba a lokacin. Ta ba shi abin da kowa ke ba nasa, dusar shinkafa da ganyen gwaza da ragowar tatar apong. Ya ɗan lasa, zawo ya ɓarke masa, ya kwanta yana rawar sanyi.

Sai ta yi abin da ya sa ƙauye ya sami na taunawa. Ta hau da shi sama, cikin ɗaki, ta shimfiɗa masa bambaro a kwando kusa da murhu. Alade a ƙarƙashin gida yake, mutum a sama, haka muka taras. Matan da ke zuwa yi mata gaisuwa suna shiga su ga ɓeran Yakasi, don sunan ya riga ya bi shi, kwance a inda maigida ke zama. Wata tsohuwa ta ce mata wannan ƙazanta ce. Yakasi ta ce na Bolin ne, kuma wurin Bolin ne, in tsohuwar tana da ƙara ta kai wa mai wurin.

Ta dafa ganyen gwaba tana ɗiga masa ruwan, zawon ya lafa. Ta dama kunun karyayyar shinkafa ta tace, ta roƙi nonon akuya a maƙwabta ta haɗa, tana tsoma yatsa tana sa masa a baki. Sai ya tsotsa sau ɗaya ko biyu ya kau da kai. Ta zuba a ɗan kasko ta ajiye a gaban hancinsa, ya kalli kaskon kamar na wani ne. Kullum na leƙa sai in ga ya ƙara zama fata da ƙashi, ita ma idanunta sun faɗa. Kardong ba ya tambayata kai tsaye, sai dai in na dawo ya ce, "Ya ya jikin mai gida?" wai ɗan aladen. In yi masa banza.

Wata safiya na ga abin ya ishe ni. Na je gidan ƙanwata, na zaɓo ɗan alade baƙi, ɗan ƙarami amma mai lafiya, na naɗe shi a mayafina, na bi ta bayan gidaje. Na taras da Yakasi a durƙushe gaban kwandon, kunu ya huce a kasko. Na buɗe mayafin na sauke shi.

"Baƙi ne, wancan baƙi ne. Mibu idonsa ya yi rauni, Kardong kuwa bai taɓa yi wa naki kallon kirki ba. Ki ɓoye shi kwana kaɗan, ki fito da shi ki ce ya warke. Wa zai sani?"

"Bolin."

"Ke dalla can! Bolin da ko kazarsa ba ya ganewa a cikin na mutane?"

Ta ɗago ta dube ni. "Yaya, na san don ni kika yi. Amma mutumin nan duk rayuwarsa haka aka yi masa. Ya zaɓi abu, a karɓe a ba shi wani, a ce wannan ya fi, kuma ya yi godiya. Ni ma in yi masa haka bayan ba shi da bakin magana? In zai ƙi hannuna, ya ƙi shi da gaskiya."

Har yau ban ga laifina ba, kuma na gaya mata haka da ƙarfi. Muna cikin cacar baki sai muka ji slaɓ, slaɓ. Ashe ɗan aladen da na kawo ya gano kaskon, ya dulmiya hanci yana sha har da kaɗa wutsiya. Na ɗaga hannu zan kore shi, Yakasi ta riƙe ni. Ɓeranta ya ɗaga kunne. Ya miƙe yana tangaɗi, ya fito daga kwandon da ya yi kwanaki bai bari ba, ya yi wani ɗan siririn ƙara, ya cusa kai cikin kaskon. Ya sami kurɓa biyu ko uku kafin baƙon ya bangaje shi ya faɗi can gefe.

"Kin gani?" in ji ta. "Ba ƙin abinci yake ba. Alade ne, sai ya ga ana wawaso yake tuna yana da ciki."

"To ai sai ki bar nawa ya zauna da shi."

"A'a. Naki ya fi ƙarfinsa, zai mayar da shi inda ya fito. Ɗauki abinki. Sa'anninsa zan nemo masa, waɗanda in ya ture su za su turu."

A ranar ta goya kwando ta shiga gida gida tana tambayar wa ke da tsumburarre. Mutane suna ba ta suna dariya, don dama jira suke ya mutu su huta. Matar mai kwalekwale ta leƙo daga sama ta ce, "Yakasi, asibiti za ki buɗe ne?"

"Eh, turo min mijinki in fara da shi, na ga ya fi su buƙata."

Ta dawo da uku, kowanne ya fi ɗan'uwansa muni. Ta tsaga gora ta yi musu doguwar makwarara mara zurfi, yadda kowa zai sami wurin sa baki kuma ba mai faɗawa ciki. Ta zuba kunu da ɗuminsa, daidai yadda yatsa zai iya jurewa. Suka yi ta kallonsa, sai ɗaya ya taɓa, sai na biyu ya ji haushi, kafin ka ce me an kaure. Na tsaya ina kallon ƙasusuwa huɗu suna faɗa a kan kunu, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Daga nan ta koyi sauran da kanta, da kuskure da gyara. Ta gane in ta cika musu makwarara sai su ci su bari, ragowar ta yi tsami ta ɓata musu ciki. Sai ta koma zuba kaɗan, ƙasa da abin da zai ƙosar da su, su lashe tas suna neman ƙari, in an jima ta sake zubawa. Tun fitowar rana har faɗuwarta tukunyarta ba ta sauka daga wuta. Da suka ɗan yi ƙwari ta fara daka musu busassun ƙananan kifi tana barbaɗawa, sannan dusa wadda ta tankaɗe sau biyu, sannan gwaza da aka dafa har ƙaiƙayinsa ya mutu. Ragowar apong kuwa ta hana su sai da suka yi girma, ta ce ta ga manyan mutane ma yadda take yi da su. Ɗaya daga cikin ukun bai kai labari ba. Ta binne shi a bayan ayaba. Amma sabon watan da Kardong ya ambata ya fito ya shuɗe, ɓeran Yakasi yana nan, har ya fara cin zalin abokansa.

Abin bai zo mata a banza ba. Masaƙarta ta yi ƙura, ita da zanen da take saƙawa ake rububinsa lokacin bikin shuka. Shinkafar da ya kamata ta kai ta girbi rabinta ya tafi a kunu. Yankan gwaza ya farfasa mata hannuwa har ba ta iya riƙe zare. Na sha kai mata dusa a ɓoye, ta sha mayar min da ita in ta gane daga rumbun Kardong ta fito, sai na rantse da Uwa Rana, ranar da muke bauta wa, cewa daga gidan ƙanwata ce. Da ruwa ya zo a daminar farko ya haura dirkoki, kowa ya ɗaure gangar ayaba ya yi gadon fito yana kwashe kaya zuwa tudu. Wasu suka ɗauki barguna, wasu tukwane. Yakasi ta iso tudu da aladu uku da tukunyar kunu, masaƙar ta bar wa kogi.

Masu tsumburarrun da ta karɓa suka ga sun zama aladu, sai kunya ta kama su, suka fara zuwa suna kame-kame. Ta mayar wa kowa nasa ba tare da ta ja magana ba, illa ta ce nan gaba duk wanda ya kawo biyu, ɗaya nata ne. Haka sana'ar ta kafu, kuma da ita take ci har yau. Masu kiranta Uwar Tsumburarru don tsokana suka ga tana amsawa da fara'a, sai tsokanar ta mutu sunan ya zauna.

Damina biyu suka wuce. Aladen Bolin ya yi ƙiba, ya yi ƙarfi, gashinsa ya kwanta, amma tsawo ya ƙi. Gajere ne dunƙulalle, in an jera shi da na Kardong bai fi rabinsu ba. A lokacin kuma dangi sun fara ƙosawa. Jikanmu ya yi tari, aka ce Bolin ne ya gaji da jira. Saniyar wani ta yi ɓari, aka ce Bolin ne. Gwiwar Kardong ta kumbura har ba ya sauka tsani sai da dafawa, wannan ma Bolin. Mutumin da bai taɓa takura wa kowa ba yana raye, ya mutu an mayar da shi dodo.

Da Yakasi ta je wurin mibu ya sa rana bayan girbi, Kardong ya aike ni da saƙo. "Gaya mata zuriya gaba ɗaya za ta zo, har na ƙetaren kogi. Ɓeran nan ko yara ba zai ƙosar ba. Ta kawo shi nan a haɗa da manya biyu nawa, a yi abin mutunci a murhuna. In ba haka ba, ba da ni za a ci wannan abin kunya ba."

Na kai saƙo. Tana tankaɗen dusa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ki ce masa an sa rana, kuma nawa tsanin ma ba ya cizo."

Kardong ya san abin da ya taka. In babba bai fara ci ba, bai kuma buɗe baki ya sallami mamaci ba, biki bai yiwu ba ko an yanka aladu ɗari.

Ranar ta zo. Tun safe kwalekwale ke sauke baƙi, Oisiri da mijinta da dangin miji, da tsofaffin da ba ka ganinsu sai wurin cin nama. An tace apong, an naɗe shinkafa a ganye, an tara itace, an ɗaure aladen a gindin tsanin Yakasi. Kardong kuwa yana zaune a gida ya miƙe ƙafa. Ya sa an ɗaure manyan aladunsa biyu, an ɗora ruwa a wuta, yana jiran a zo a roƙe shi. Na yi masa magana mai daɗi, na yi masa mara daɗi, ya yi kunnen uwar shegu. Na bar shi na tafi inda ya kamata in kasance.

Rana ta take, ta fara karkata. Sallama kuwa dole a yi ta Uwa Rana tana gani. Mibu ya yi ta duban sama yana gyaran murya. Dattawa suka kewaye Yakasi, wannan ya ce ta yi haƙuri, wancan ya ce ai ta riga ta nuna ta isa, ta bar babba ya zama babba. Har Oisiri ta kama hannunta tana kuka tana cewa, "Inna, don girman Baba ki bari, dangin mijina suna kallo."

Yakasi ta saurare su duka. Sannan ta sauko, ta kwance aladen, ta ja shi ta mayar garke, ta zuba masa abinci, ta tsaya har ya fara ci. Ta wanke hannu ta ce, "Yaya Numali, zo ki ara min bakinki."

Muka nufi gidanmu, jama'a duka a bayanmu. Ta tsaya a gindin tsani, ta juya masa baya yadda ladabi ya ce, ta dube ni, ta saki muryar nan tata ta kiran kaji.

"Yaya Numali, ki gaya wa Babban Yaya kada ya wahalar da gwiwarsa. Na kwance aladena na mayar da shi garke. Alade yana daɗewa in ya sami mai kula da shi, ni kuwa ya san na iya. Ki gaya masa ku ne kuke gudun Bolin. Yaro ya yi tari Bolin, saniya ta yi ɓari Bolin, gwiwa ta kumbura Bolin. Ni ko ciwon kai bai taɓa sa min ba. In na hura wuta yana nan, in na zauna cin abinci yana nan. To ya yi zamansa. Baƙi su sha apong su koma gida, ni ba na gaggawar rabuwa da mijina."

Na ga tsofaffin da suka zo cin nama suna kallon juna, kowa yana lissafin ciwon da ke gidansa. Al'ada ta ce in maimaita, na ɗaga kai na ce, "Maigida, ka dai ji. Ko in ƙara maka da nawa?"

Can muka ji gorar daɓe tana ƙara, sai ga shi a bakin ƙofa yana dafe da dirka. Ya daɗe yana kallon ƙeyarta. Ni da na yi shekara da shekaru ina zaune da shi na san ba tsoron gwiwa kaɗai ya fito da shi ba. Maganar ta soke shi, don bai taɓa tunanin akwai wanda zaman Bolin bai dama ba.

"Numali," in ji shi a hankali, "ce mata ta ɗauro ɓeranta. Wani ya riƙe ni in sauka."

An yi biki rana tana gab da kan itatuwa. Nama dai gaskiyar Kardong ce, bai isa ba. Yakasi da kanta ta tsaya kan masu yanka, ana yi ƙanana ƙanana, aka cika tukwane da ganye da ɓargon ayaba don a sami abin zubawa. Kowa ya sami yanka ɗaya, mai sa'a biyu. Na ji wata daga dangin mijin Oisiri tana cewa ta taɓa ganin rowa amma yau ta ga uwarta. Yakasi ta ji, ta ce mata, "Ki yi haƙuri, ba ke aka yi wa ba." Manyan aladun Kardong biyu suka kwana da ransu.

Aka miƙa wa Kardong yankan farko a kan ganye, yana zaune a gaban murhun ƙanensa. Ya daɗe yana taunawa. Ya zuba apong a toka, ya buɗe baki ya yi sallamar.

"Bolin, ƙanena. Ka tafi wurin su Baba. Daga gidanka ka tashi, da aladen gidanka, ba na kowa ba. A nan za mu riƙa kiranka."

Na yafe masa abubuwa da yawa saboda wannan maganar.

Kafin duhu baƙi suka watse, wasu suna gunaguni, wasu suna sauri su je gida su ci abinci. Na taras da Yakasi zaune a saman tsaninta, ta zuba wa garken ido. Raina fari tas, na hau na zauna kusa da ita na dafa ta.

"Kai, faccalata, yau kin gama da su! Kin ga yadda ido ya raina fata da kika ce ya yi zamansa? Ina kika samo wannan barazanar?"

Ba ta juyo ba. "Wace barazana, Yaya? Da gaske nake. Da Babban Yaya ya yi zamansa a sama bai sauko ba, da na fi so."

Sai ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka.